Dajin mafitsara: Sabon magani ya fito, amma hanyar Yola ba ta kai gare shi ba tukuna

A watan Satumban 2024, a babban taron likitocin ciwon daji na nahiyar Turai da aka gudanar a birnin Basalona na ƙasar Sifen, aka bayyana sakamakon wani gwaji mai suna NIAGARA. Marasa lafiya 1,063 ne suka shiga gwajin, dukkansu masu fama da dajin mafitsara wanda ya riga ya ci cikin tsokar bangonta. An kasa su gida biyu. Kashin farko an bi da su ta hanyar da aka saba, wato a ba su kemo sannan a yi musu tiyatar cire mafitsara. Kashi na biyu kuwa an haɗa musu kemon da durvalumab, ɗaya daga cikin magungunan zaburar da garkuwar jiki, sau huɗu kafin tiyata, aka kuma ci gaba da ba su shi har sau takwas bayanta. Da aka cika shekara biyu, kashi 82 cikin 100 na waɗanda aka ƙara wa sabon maganin suna raye, alhali a ɗaya ɓangaren kashi 75 ne. A watan Maris na 2025 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wannan haɗi.

Rayuka bakwai a cikin kowane ɗari ba ƙaramin abu ba ne a wannan cuta. Kemon da ake kira cisplatin, wanda aka shafe shekaru ana tinƙaho da shi, abin da ya ƙara a kan tiyata tsurarta bai wuce kimanin rayuka biyar a ɗari ba. Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta nuna cewa a shekarar 2022 kaɗai an sami sababbin masu dajin mafitsara kimanin 614,000, mutum kusan 220,000 kuma suka riga mu gidan gaskiya ta dalilinsa. Saboda haka murnar da likitoci suka yi tana da hujja.

Hikimar haɗin ba ta da wuyar fahimta. Jikin ɗan Adam yana da rundunar ƙwayoyin halitta masu farautar duk wani baƙon abu, kuma an yi wa rundunar linzami don kada ta afka wa jikin kansa. Ciwon daji yakan kama wannan linzami ya ja, sai mayaƙan su tsaya cik suna kallonsa yana ɓarna. Magunguna irin su durvalumab da nivolumab da pembrolizumab suna ƙwace linzamin ne daga hannun cutar. Gano wannan sirri shi ya ba James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan kyautar Nobel a 2018. Mafitsara ma dai ta daɗe da sanin irin wannan dabara. Tun a 1976 wani likita a Kanada, Alvaro Morales, ya nuna cewa ƙwayar BCG, wadda iyaye mata suka sani da allurar tarin fuka mai barin tabo a dantsen jariri, idan aka zuba wani haɗi nata cikin mafitsara tana hana dajin da bai yi zurfi ba dawowa. Sabon abu shi ne kai yaƙin ga dajin da ya yi nisa. Wuƙar likita tana cire abin da ido ko hoto ya gani, amma kusan rabin waɗanda aka cire wa mafitsara cutar takan dawo musu, domin ƙananan ƙwayoyinta sun riga sun bi jini sun ɓuya. Su ne garkuwar da aka zaburar take bi ta zaƙulo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ba NIAGARA ne kaɗai shaida ba. A 2021 wani gwaji a kan mutum 709 ya nuna cewa ba da nivolumab bayan tiyata ya ninka tsawon lokacin da majinyaci ke yi ba tare da cutar ta dawo ba, daga kimanin wata 11 zuwa wata 21. A cikin waɗanda suka shiga har da masu dajin bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda, ko da yake amfanin bai fito fili a kansu ba kamar yadda ya fito a kan masu na mafitsara. A 2023 kuma haɗin pembrolizumab da enfortumab vedotin ya kai matsakaicin tsawon ran waɗanda cutar ta riga ta bazu a jikinsu zuwa wata 31 da rabi, maimakon wata 16 da kemo ke bayarwa.

Tambayar da ta kamata ta hana masu tsara manufofin lafiya a Abuja barci ita ce: mene ne rabon mutumin Jimeta a cikin wannan alheri? Amsar ba ta da daɗin ji, domin tun daga asalin cutar, abin da ke damun mafitsarar mutumin bakin Binuwai sau da yawa ya sha bamban da na Bature.

A Turai da Amurka, taba sigari ce ke haddasa kusan rabin dajin mafitsara, kuma nau'in da ya fi yawa shi ne wanda ke tasowa daga fatar da ta shimfiɗe cikin mafitsara, wanda likitoci ke kira yurotiliyal. A kansa aka gina dukkan gwaje-gwajen da aka ambata. A Arewacin Najeriya kuwa akwai wani tsohon maƙiyi, wato tsargiya. Tsutsarta tana girma a jikin dodon koɗi na ruwa mai kwanciya, ta huda fatar mai wanka ko mai su ko mai dashen shinkafa, ta zauna a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara tana zuba ƙwai. Ƙwan ya maƙale a bango, bango ya yi ta kumburi yana warkewa yana sake fashewa shekara da shekaru, har fatar ta rikiɗe ta haifar da wani nau'in daji da ake kira sikwamos. Theodor Bilharz ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851, a 1994 kuma hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya ta a sahun abubuwan da aka tabbatar suna haddasa daji ga ɗan Adam. Binciken da likitoci suka wallafa daga Kano a 2003, da wanda aka wallafa daga Sakkwato a 2007, duk sun nuna cewa fiye da rabin dajin mafitsarar da aka tantance a can sikwamos ne. Wannan nau'i ba ya jin kemo sosai, tiyata ce babbar madogararsa, kuma ba a sanya masu ɗauke da shi zalla a cikin NIAGARA ba. Duk wanda ya kwashi sakamakon Basalona ya ɗora shi kai-tsaye a kan kowane majinyaci a Yola ya yi ɗinki ne da awon wani.

Adamawa ƙasar ruwa ce. Binuwai ta ratsa ta gefen Jimeta, ga tafkin Geriyo inda Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama ke da filayen noman rani, ga tafkin Njuwa, ga madatsar Kiri da aka gina a kan kogin Gongola a 1982 domin gonakin raken Numan. Duk inda ruwa ya kwanta, arziki ya zo, dodon koɗi ma ya zo. Kuskure ne a ɗauka cewa wannan matsalar ƙauye ce kawai. Unguwar Bekaji a Jimeta, wadda aka sani da gidajen ma'aikata da 'yan fansho, cike take da dattawan da suka yi ƙuruciyarsu suna ninƙaya a rafi kafin boko ya kai su ofis. Haka ma da yawa daga daraktoci da mataimakan da ke zaune yau a sakatariyar tarayya. Tsakanin wankan rafin yaro da bayyanar dajin akan sami shekaru masu yawa, har mutum ya manta ya taɓa yin fitsarin jini. Tsutsar ba ta duba matakin albashi.

Matsala ta biyu ita ce lokaci. Alamar farko ta dajin mafitsara ita ce jini a fitsari, sau da yawa ba tare da zafi ba, ya zo ya ɗauke. A wurin da tsargiya ta zama ruwan dare, har a wasu garuruwa ake ɗaukar fitsarin jini alamar balagar ɗa namiji, wa zai tayar da hankalinsa? Magidanci ɗan shekara 55 zai je kemis a ba shi maganin sanyi, jinin ya tsaya da kansa, ya ce ya warke. Mace kuma ta jingina shi ga al'ada ko ta yi shiru don kunya. Sai bayan watanni, sa'ad da ƙari ya toshe magudanar fitsari kuma ƙoda ta fara gazawa, sannan a nufi Asibitin Ƙwararru na Jimeta ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama. A nan ne lissafin ke rushewa. Tsarin NIAGARA na mutanen da cutarsu ba ta bazu ba ne, waɗanda ƙodarsu ke iya ɗaukar cisplatin, jikinsu kuma ke iya jure babbar tiyata. Ko a ƙasashen da ake zuwa asibiti da wuri, kusan rabin majinyata ba sa iya ɗaukar cisplatin. Wanda ya iso a makare ya wuce ƙofar da sabon maganin yake tsaye.

Ita kanta tiyatar ba wasa ba ce. Ana cire mafitsara ɗungurungum tare da kaluluwar da ke kewaye, a haɗa da furostet idan namiji ne, ko mahaifa a mafi yawan lokuta idan mace ce. Daga nan a yanki wani ɓangare na hanji a yi wa fitsari sabuwar hanya, ko dai zuwa wata jaka da ake mannawa a fatar ciki, ko a ɗinka sabuwar ma'ajiya a ciki. Aikin sa'o'i ne masu yawa da ke buƙatar ƙwararren likitan mafitsara, da likitan sa barci, da jini a ajiye, da gado a sashen kulawa ta musamman, da wutar da ba ta ɗaukewa. Bayan an sallami mutum, jakar nan sai an riƙa sauya ta har ƙarshen rayuwa, kuma kuɗi ne. Akwai kuma damuwar da ba ta shiga takardar likita: musulmin da aka ce zai rayu da jakar fitsari abin da zai fara tambaya shi ne alwalarsa da sallarsa. Fiƙihu ya daɗe da yi wa mai yoyon fitsari rangwame, amma idan ba a sami malamin da zai zauna da majinyaci ya warware masa ba, sai ya ƙi tiyatar ya koma gida. Maganin zaburar da garkuwa shi ma yana da nasa sharuɗɗan. Sai an adana shi cikin sanyi tun daga masana'anta har gadon majinyaci, kuma rundunar da aka cire wa linzami takan juya kan huhu ko hanta ko hanji ko maƙoshi, don haka dole a riƙa gwajin jini a kai a kai, da likitan da zai gane matsalar da wuri.

Sai batun kuɗi, inda magana ke ƙarewa ga yawancin iyalai. A Amurka farashin allura guda ta pembrolizumab, wadda ake maimaitawa duk mako uku, ya haura dala 10,000. Idan aka lissafa dala a kan naira 1,500, miliyan 15 ke nan. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, wanda aka sa wa hannu a Yulin 2024, sai ya tara albashinsa na kusan shekara 18 bai ci bai sha ba kafin ya biya allura ɗaya. Ko da kamfani ya zabtare farashin gida goma ya bar ɗaya, tsarin da ke buƙatar allura 12 ya fi ƙarfin babban darakta, balle ɗan fanshon Bekaji. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya ke fitowa daga aljihun jama'a, abin da ke biyo baya sananne ne: a sayar da fili, a sayar da shanu, a yi allura biyu, kuɗi su ƙare, a rasa dukiyar a rasa majinyacin.

Gwamnatin tarayya ba ta zauna haka nan ba, kuma adalci ne a faɗa. A 2019 an ƙaddamar da shirin rage farashin magungunan kemo a wasu manyan asibitoci. A 2021 an kafa Asusun Tallafa wa Masu Ciwon Daji. A 2022 dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta wajabta inshora a kan kowa. Hukumar kuma tana da yarjejeniyar raba kuɗin wasu magungunan daji da kamfanin Roche. Cibiyar Bincike da Maganin Ciwon Daji ta Ƙasa, wadda dokarta ta fito tun 2017, ta fara aiki a 2023. Sai dai asusun tallafin ya fara ne da daji uku, na mama da na bakin mahaifa da na furostet, a asibitoci shida, kuma wanda ya wakilci Arewa maso Gabas shi ne Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. A nan akwai wani ruɗani da ya kamata a warware. Kafofin watsa labarai na Hausa sun saba kiran dajin furostet da sunan "dajin mafitsara", alhali gaɓoɓi biyu ne daban, cuta biyu daban, magani daban. Mai sauraro a Yola zai ji an ce gwamnati na tallafa wa masu dajin mafitsara, ya ɗauki mahaifinsa ya kama hanyar Gombe, ya tarar ba shi ake nufi ba. Haka kuma, a cikin asibitoci shida da aka sanar a farkon 2024 cewa za a gina wa sababbin cibiyoyin ciwon daji, wato na Zariya da Katsina da Jos da Legas da Benin da Inugu, babu ko ɗaya a Arewa maso Gabas.

Masar ta riga ta nuna inda riba take. A farkon shekarun 1970, kimanin kashi uku cikin huɗu na dajin mafitsarar da ake gani a babbar cibiyar ciwon daji ta Alƙahira sikwamos ne. Da ƙasar ta dage wajen yaƙar tsargiya ta hanyar raba magani ga jama'a, bayan shekara 30 adadin ya faɗo ƙasa da kashi ɗaya cikin uku. Maganin, praziquantel, ƙwaya ce da ake sha a rana ɗaya, kuma kamfanin Merck na Jamus yana ba da har ƙwaya miliyan 250 kyauta a kowace shekara ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. A 2022 hukumar ta faɗaɗa shawararta: duk al'ummar da cutar ta kai kashi 10 cikin 100, a ba kowa da kowa daga ɗan shekara biyu, ba 'yan makaranta kaɗai ba. Najeriya ce ake lissafawa a kan gaba a duniya wajen yawan masu tsargiya. Abin da ake nema daga gare ta shi ne kuɗin kai ƙwayar daga ma'ajiya zuwa bakin rafi, da rijiyoyi da ban-ɗakunan da za su raba yara da gurɓataccen ruwa.

Wannan ba kira ba ne na a juya wa sabon magani baya. Akwai 'yan Arewa masu nau'in yurotiliyal, kuma yawansu zai ƙaru matuƙar sigari da shisha suna yaɗuwa. Haƙƙinsu ne su sami abin da ya fi inganci. Abin da ake cewa shi ne a bi aikin daki-daki, domin ba a ɗora rufi a kan ginin da ba shi da harsashi.

Matakin farko na Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ne tare da gwamnatin Adamawa: a fitar da ƙa'ida ga dukkan cibiyoyin lafiya na matakin farko cewa duk babban mutumin da ya ga jini a fitsarinsa, ko da an same shi da tsargiya an ba shi magani, sai an tura shi hoton ciki da leƙen mafitsara. Wannan yana nufin a tabbatar manyan asibitocin Yola biyu suna da na'urar leƙen da ke aiki, da ɗakin gwajin tsoka da zai faɗi nau'in dajin cikin kwanaki, domin a kan wannan amsa ce duk wata shawarar magani ta rataya. Na biyu, a sanya dajin mafitsara cikin asusun tallafi, a kuma sanya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama cikin wuraren da ake karɓarsa, a haɗa da kuɗin tiyata da jakunkunan fitsari. Na uku, 'yan majalisar da ke wakiltar jihar su karkatar da wani kaso na ayyukan mazaɓu ga horar da likitocin mafitsara da ma'aikatan jinyar da suka san kula da mai jaka, da kuma alawus ɗin da zai hana su tafiya ƙetare.

Na huɗu ya shafi ciniki. Hukumar inshora ta riga ta nuna cewa ana iya zama da kamfani a raba kuɗi. Sai ta yi irin wannan zama da masu durvalumab da nivolumab da pembrolizumab, da sharaɗin cewa wanda gwajin tsoka ya nuna ya dace ne kawai za a ba, kuma duk wanda aka fara wa za a kai shi ƙarshe. Babban haƙƙin mallakar pembrolizumab zai ƙare a Amurka a 2028, abin da zai buɗe ƙofa ga kwatankwacinsa masu rahusa. Ya kamata NAFDAC ta fara shirin tantance su tun yanzu, ta kuma toshe hanyar jabu, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyar, kuma wanda babu mai yi wa Najeriya idan ba ta yi da kanta ba, shi ne bincike. Ko zaburar da garkuwa na taimaka wa mai dajin da tsargiya ta haifar, tambaya ce da ba za a amsa ta a Landan ko a Tokiyo ba, saboda majinyatan ba a can suke ba. Suna Yola da Kano da Sakkwato da Zariya da Maiduguri. Cibiyar Bincike da Maganin Ciwon Daji ta Ƙasa tana da hurumin haɗa waɗannan asibitoci su riƙa rajistar kowane majinyaci da nau'in cutarsa, sannan ta gayyaci kamfanonin su kawo gwaji a kan sikwamos bisa cikakkiyar kariyar haƙƙin majinyata. Ƙasar da ta riƙe alƙalumanta tana zama a teburin ciniki da ƙarfinta.

Yawancin waɗannan matakai ba sa bukatar sabuwar doka. Suna bukatar layi a kasafin kuɗi, da takardar da ba za ta kwana wata shida a kan tebur ba, da mataimakin da zai tuna wa mai gidansa. A 2001, a nan Abuja, shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, kuma har yau mai masaukin baƙin bai cika ba. Kafin a kai can, akwai abin da kowane ma'aikaci zai iya yi a wannan makon ba tare da amincewar kowa ba: ya buga waya gida, ya tambayi mahaifinsa da kawunnansa da iyayensa mata ko wani ya taɓa ganin jini a fitsarinsa, idan kuwa an taɓa, ya tura kuɗin mota a kai shi asibiti tun ƙodarsa na da ƙarfi.